A BAR WA TSUNTSAYE KUSURWAR BAYAN GONA

A zangon karatu na uku na bara, wata ranar Asabar da la'asar bayan an gama aikin share-share, shugaban ɗalibai ya kawo mana wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya ce ya kama shi ne can bayan gonar makaranta, dab da katanga, yana zaune shi kaɗai a gindin ɗorawa. Laifinsa dai shi ne ba ya filin ƙwallo, ba ya ɗakin kwana, kuma ba ya ɗakin karatu. Da yake mun daɗe muna fama da yara, abin da ya fara zo mana a rai shi ne taba, ko kuwa wani abin da ya fi taba muni. Muka sansana bakinsa, muka laluba aljihunsa, ba mu sami komai ba sai guntun fensir da wata takarda da ya yage daga littafin lissafi ya cika ta da zane-zane. Muka tambaye shi abin da ya kai shi can, sai ya ce, "Malam, kabare nake kallo." Muka ce kabare kuma? Ya ce i, kwana uku ke nan yana lura da wani namijin kabare da ya saƙa sheƙa, macen ta zo ta duba ta ƙi shiga, shi kuwa ya kwance ta ya soma wata sabuwa. Duk da haka mun ba shi horon yankan ciyawa, domin doka doka ce. Amma maganar ta tsaya mana a rai, kuma ita ce ta sa muka roƙi fili a mujallar makaranta ta bana.

Bayan kwana biyu muka ce ya kai mu wurin. Gaskiya ya faɗa. Sheƙuna sun fi talatin a reshe biyu, namijin nan yana rataye a ƙarƙashin tasa yana karkaɗa fikafikai yana kuka, kamar ɗan kasuwa mai kiran ciniki. Muka zauna a kan wani kututture, mu da shi, har aka kaɗa ƙararrawar abincin dare ba wanda ya ce uffan. A hanyar dawowa ne ya gaya mana cewa iyayensa sun baro ƙauyensu na yammacin nan, wajen Faskari, bayan 'yan bindiga sun shigar musu sau biyu, kuma tun daga lokacin in ya kwanta a ɗakin kwana aka buga ƙofa da ƙarfi sai gabansa ya faɗi. Ya ce gindin ɗorawar nan ne kawai wurin da ƙirjinsa yake lafawa.

Mu Hausawa ba mu cika yarda da mai zama shi kaɗai ba. Muna cewa mutum rahama ne, muna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk gaskiya ne. In aka ga mutum ya ware kansa, abin da za a fara tambayarsa shi ne, lafiya? In ya yi kwana uku yana haka sai a soma raɗe-raɗin ko iska ce ta taɓa shi, ko kuwa akwai abin da yake ƙullawa. Amma fa iyayenmu da kakanninmu da suka bar mana waɗannan maganganu ba su taɓa rasa kaɗaici ba, domin aikinsu ma shi ya ba su. Manomi yakan isa gona tun kafin rana ta fito, ya wuni daga shi sai fartanya. Yaron da aka ɗora a kan rumfar tsaron dawa yakan wuni yana kallon sama. Haka ɗan kiwo, haka masunci a bakin ruwa. Ba su ba abin wani suna ba, amma daga irin wannan zama ne suka san kurciya da hasbiya da bardo ba abu ɗaya ba ne, suka raɗa wa ragon maza sunansa saboda ƙyuyarsa wajen tashi, suka kuma ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Wanda bai taɓa zama shiru a daji ba, ba zai iya ƙaga wannan karin magana ba.

To, ɗalibin makarantar kwana fa? Ƙararrawa ke tashinsa da asuba, ƙararrawa ke kai shi aji, ita ke ba shi abinci, ita ke kwantar da shi. Yana wanka cikin mutane, yana cin abinci cikin mutane, yana barci a ɗakin da ya cika maƙil. In an yi hutu ya koma gida kuma waya ta karɓe shi. Mun tsara masa kowane minti na ranarsa, mun manta ba mu bar masa ko rabin sa'a da zai ji motsin zuciyarsa ba. Sa'an nan mu ne muke mamaki idan yaro ya kasa tsayar da hankalinsa a kan shafi ɗaya na littafi, ko ya ruɗe a ɗakin jarrabawar WAEC alhali ya san amsar.

Wani zai ce, to ai daji na nan, su fita mana. A nan ne maganar ta yi nauyi. Mu da muka yi ƙuruciya a tsakanin Funtuwa da Bakori da Malumfashi mun san lokacin da yaro zai ɗauki keke ya tafi bakin madatsar ruwan Mairuwa ya wuni yana kallon zalɓe ya ƙame a cikin ruwa kamar an dasa shi, garken kirinjijiya suna wucewa suna fito, ba mai cigiyarsa sai magariba. Mun san lokacin da ake kwana a gona da kaka. Yau kuwa kalmar daji ma ta sake ma'ana a bakin mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara aka kaɗa su daji, kuma ko da yake sun dawo bayan kusan mako guda, babu wani malamin makarantar kwana a jihar Katsina da barcinsa ya koma yadda yake a da. Saboda haka muna faɗa da babbar murya, kada wani ɗalibi ya karanta wannan rubutu ya ce malam ya ba shi iznin tsallake katanga. Ba mu ba ka ba. Abin da muke cewa shi ne, tun da an ƙwace mana babban daji, to ɗan guntun da ya rage mana a cikin katanga ya zama dukiya, bai kuwa kamata mu da kanmu mu riƙa aika masa langalanga duk ranar Asabar ba.

Kada mai karatu ya raina kusurwar nan. Ba ta fi rabin filin ƙwallo ba, amma akwai ɗorawa biyu, da tsohuwar kaɗanya mai kogo, da tsamiya, da 'yan kalgo da tumfafiya, da wani kwari da ruwa yake kwanciya da damina. Tun daga ranar nan muka riƙa zuwa mu kaɗai, kuma ga kaɗan daga abin da shekara ɗaya ta nuna mana.

Da bazara, cikin watan Afrilu zuwa Mayu, shamuwa ke isowa. Kowa ya san zuwanta alamar ruwa ya kusa, shi ya sa manomi ke fito da iri ya gyara garma, kuma shi ya sa ba a taɓa ta ko da ta yi sheƙa a tsakar gida. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne inda take zuwa in ta ɓace bayan damina. Kudu take yi, ta ƙetare tsakiyar Afirka har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda damina ke sauka a lokacin da muke fama da hunturu. Wato ita damina biyu take ci a shekara, tana bin fara da tsutsa. Tsuntsuwar da ke tsaye da ƙafa ɗaya a kan tsamiyarmu ta ga ƙasashen da malamin labarin ƙasa bai taɓa gani ba sai a taswira.

Kogon kaɗanyar nan kuwa na cilakowa ne. In lokacin ƙwai ya yi, macen takan shige ciki, ta liƙe bakin kogon har sai ya rage 'yar tsaga da baki kawai zai iya shiga, ta zauna makonni a kulle, namijin yana ta jigilar ƙwari da 'ya'yan itace yana miƙa mata ta tsagar. Mun ƙirga zuwansa sau bakwai cikin sa'a ɗaya wata safiya. Cilakowa ba ta iya sassaƙa kogo da kanta, sai ta sami tsohuwar bishiya. Ranar da aka sare kaɗanyar nan don gawayi, ko don ta tsufa ba ta 'ya'ya, ranar cilakowa ta bar makarantar nan, kuma ko mun dasa darbejiya ɗari a madadinta sai an yi shekaru da yawa kafin wata ta yi kogo.

Da kaka ta yi, iskar hunturu ta soma kaɗawa, sai baƙi su sauka. Akwai wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai ciki ruwan ɗorawa da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Nauyinsa bai wuce wajen giram 20 ba, amma daga Turai yake zuwa, ya ƙetare teku, ya ƙetare hamadar Sahara, ya yi rani tare da mu, sa'an nan wajen watan Maris ko Afrilu ya tara kitse ya koma inda zai yi ƙwai. Mun sha ganin yara suna harbinsa da danƙo, naman kuwa bai kai loma ɗaya ba.

Malam-buɗe-littafi ya fi wuyar kallo, domin ko inuwarka ce ta faɗa masa ya tashi. Amma in ka zauna kusa da tumfafiya za ka ga wani mai launin ruwan goro da baƙi da ɗigon fari a bakin fikafikai, yana shawagi a hankali kamar ba ya tsoron kowa. Yana da dalili. Tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin ƙaron nan ya taru a jikinsa, tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi sau ɗaya ba ya sakewa. A jikin bishiyar lemo ta bayan ɗakin girki kuma akwai wata tsutsa da in tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne, da haka take tsira, har ta girma ta koma kore, daga baya ta fito babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya. Duk wannan yana cikin darasin halittu da muke rubuta musu a allo su haddace, alhali ga shi nan a raye taku hamsin daga ajin.

Akwai ma wani jinsi mai zane-zane da masana suka tabbatar yana ƙetare Sahara daga Turai zuwa irin wannan yanki namu a ƙarshen damina, ya hayayyafa, jikokinsa su koma arewa. A watan Oktoba 2013 wani masani ɗan ƙasar Sifen mai suna Gerard Talavera ya tsinci wasu daga cikinsu a bakin teku a Kudancin Amurka, fikafikansu duk sun yage. Shekaru fiye da goma shi da abokan aikinsa suka yi suna bin diddigi, har a 2024 suka bayyana cewa daga Afirka ta Yamma iska ta ɗauke su, suka yi tafiyar aƙalla kilomita 4,200 a kan ruwa.

Dalilin da ya sa irin wannan kallo yake kwantar da hankali ba boyayye ba ne. Tsuntsu ba ya zuwa wurin mai motsi. In ka isa wurin, komai zai yi tsit, kowa ya ɓuya. Sai ka zauna ka daina soshe-soshe da waige-waige na kamar minti goma sha biyar, sa'an nan tsada za ta sauko ta ci gaba da tsince-tsince, kurciya ta sake kuka, ƙadangare ya fito. Kafin wannan lokaci numfashinka ya daidaita ba ka sani ba, kuma tunanin kuɗin makaranta ko na jarrabawa ko na gida ya ɗan ja baya, domin ido da kunne sun sami aikin yi. Mun sha yi wa yara tsawa a aji muna cewa su natsu, ba su natsu ba. Tsada ba ta tsawa, tashi kawai take yi, kuma yaro yakan gane nan da nan cewa laifinsa ne. Mu a nan mun san Almasihu da kansa yakan bar taro ya tafi wurin da ba kowa da asuba, ya kuma umurci almajiransa su dubi tsuntsaye lokacin da damuwar ci da sha ta dame su. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san halwa. Ba baƙon abu muke kawowa ba.

Sai dai abin kallon kansa yana raguwa a kan idonmu. Wane ne a cikin ɗalibanmu na aji ɗaya ya taɓa ganin ungulu? Mu da muna yara ba a zuwa mahauta a kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi ba a tarar da su jingim a kan rufi ba, har ana zagin marar tsabta da sunansu. Yau sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilai akwai guba da kuma cinikin kawunansu da sassan jikinsu don haɗa magani. Gauraka, wanda ake ɗauka shi ne tsuntsun ƙasarmu Nijeriya, ya yi ƙaranci ƙwarai, yawancin yaranmu a tatsuniya kawai suka san shi. Burtu ma sai dai labarin maharba masu ɗaura kansa a goshi.

Ba za mu yi wa manoma rashin adalci ba, domin mu ma 'ya'yansu ne, kuma kuɗin makarantar yaran nan daga masara da auduga da waken soya da dawa suke fitowa. Wanda jan baki ya sauka wa a gona bai da lokacin sha'awar tsuntsu. Tun da tsutsar masara mai cin tsakiyar ganye ta ɓullo a Nijeriya a 2016, daga nahiyar Amurka, wanda bai yi feshi ba yakan yi kuka da kaka, ita kuwa tsutsar nan in ta girma dangin malam-buɗe-littafi ce, irin masu tashi da dare. Mun san wannan duka. Amma maganin feshi ba ya tambayar sunan ƙwaro kafin ya kashe shi, kuma maganin ciyawa da yanzu ake watsawa har gefen hanya da bakin rafi yana ƙone furannin da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ke sha. In gona ba ta da makawa sai an fesa, ai kusurwar bayan gonar makaranta ba gona ba ce. Maƙwabtanmu na Maradi sun riga sun nuna cewa noma da bishiya ba abokan gaba ba ne. Tun wajen 1983, da taimakon wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka soma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani, har aka ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Ƙasar da ba ta kai tamu ruwan sama ba ke nan.

Saboda haka ga roƙonmu ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A shata kusurwar nan daga ɗorawa ta farko zuwa katanga, a hana langalanga da feshi shiga, kada kuma a cinna mata wuta da rani kamar yadda aka saba. A bar kaɗanyar ta tsufa a tsaye. A ba ɗalibin da yake so izni ya je ya zauna na sa'a ɗaya ranar Asabar ko Lahadi da la'asar, ya rubuta sunansa wurin malamin da ke kan aiki, kuma kada su wuce huɗu ko biyar a lokaci ɗaya, kowa da nasa kututturen, domin in sun yi yawa hira za ta ɓarke, shi ke nan an koma filin ƙwallo. Mun ji wasu abokan aikinmu suna maganar maciji, kuma suna da gaskiya. A share 'yar siririyar hanya da kewayen wuraren zama, a tilasta sa takalmi, wurin kuwa ai mai gadi yana hango shi daga rumfarsa. Mun kuma ji masu cewa wasu za su fake da wannan su yi abin da bai kamata ba. Mai son shan taba ya riga ya san bayan bandaki, ba ya bukatar iznin kowa.

Ga ɗalibai kuma, danƙo ya tsaya a gida. Ku zo da ƙaramin littafi da fensir, ku rubuta rana da lokaci da abin da kuka gani. Wanda ba ku san sunansa ba ku zana shi, in an yi hutu ku nuna wa kakanninku, domin su ne suka san sunayen, kuma kullum raguwa suke yi. Irin wannan rubutu ba wasan yara ba ne. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda tun 2015 take tattara rahoton masu sa kai daga ko'ina a ƙasar nan don a san inda kowane tsuntsu yake. Nijeriya tana da tsuntsaye iri fiye da 900, kuma ba mamaki wani daga cikinku ya zama shi ne zai rubuta na ƙasar Funtuwa.

Yaron nan na gindin ɗorawa yanzu yana aji uku. Littafinsa ya kai tsuntsaye iri 41 da malam-buɗe-littafi iri 9, duk a cikin katangar nan, kuma goma sha ɗaya daga cikin tsuntsayen har yanzu ba mu samo musu sunan Hausa ba. Mun bar littafin a ofishin malamai. Duk wani uba ko tsohon ɗalibi da ya zo bikin raba kyaututtuka, in ya san tsuntsaye, muna roƙonsa ya tsaya ya duba mana zanen.